Mutuwar Pattle a Tekun Eleusis, 1941: Shaidar Takarda da Shaidar Baki

Ran Lahadi, 20 ga watan Afril na shekarar 1941, da la'asar sakaliya, jiragen saman Jamus wajen 100 ko fiye suka taso wa Piraeus, watau tashar jiragen ruwa ta birnin Atina a ƙasar Girka. Abin da ya rage wa Ingilishi na jiragen faɗa a wannan gefe duka bai wuce 15 ba. Suka tashi daga filin Eleusis suka tare su. Kafin magariba an gama. Da aka ƙidaya waɗanda suka komo, sai aka tarar babu jirgin shugaban Runduna ta 33, Marmaduke Thomas St John Pattle, wanda abokansa ke kira Pat. Shekarunsa 26. Ba a tsinci gawarsa ba, ba a kuma fid da jirginsa daga ruwa ba.

Mutuwar saurayi guda a yaƙin da ya ci mutane miliyoyi ba abin da za a tsaya a kai ba ne, in ba don abu biyu ba. Na fari, masana da dama suna ganin duk cikin Yaƙin Hitila babu wani matuƙi na Sojan Saman Ingila da ya harbo jiragen abokan gaba kamarsa. Na biyu kuwa, takardun rundunarsa na makonnin nan na ƙarshe sun hallaka wajen gudu. Saboda haka wanda duk ke son ya san yadda ya mutu, da wanda ya kashe shi, da yawan jiragen da ya harbo, tilas ya bi ta hanyar da mai binciken tarihin Kano ko Katsina ya saba bi. Sai ya tara ruwayoyi masu saɓani, ya tambayi ko wace ɗaya daga bakin wa ta fito, yaushe, kuma don me. Ɗalibai kan yi zaton tarihin Turai ya tsira daga wannan wahala, tun da yake kome nasu a rubuce yake. Labarin Pattle ya isa ya kau da wannan zato.

An haife shi ran 3 ga watan Yuli, 1914, a Butterworth cikin Afirka ta Kudu, ya tashi a Keetmanshoop, a ƙasar da ake kira Namibiya yau. Ya nemi shiga sojan sama na ƙasarsu, aka ƙi ɗaukarsa. Ya ɗan taɓa aiki a wurin haƙar zinariya a Barberton, sa'an nan cikin 1936 ya biya kuɗin jirgi da kansa ya tafi Ingila, can aka karɓe shi. Cikin 1937 aka sa shi Runduna ta 80, cikin 1938 aka kai su Masar. Abin da ake nufi da runduna a nan ƙungiya ce ta jirage kamar 12 zuwa 16, da matuƙansu, da makanikai, da masu ɗura harsashi, da akawuna. Jirginsu Gladiator ne, irin na dā mai fukafukai hawa biyu da bindigogi huɗu, gudunsa wajen mil 250 ne a sa'a. Da shi Pattle ya fara karawa da Italiyawa a iyakar Libiya ran 4 ga watan Agusta, 1940. A ran nan ya ce ya harbo biyu, shi ma aka harbo shi, ya sauko da laima, ya taka sayyada cikin hamada har sojan ƙasa na Ingilishi suka tsince shi washegari.

Ran 28 ga watan Oktoba, 1940, Italiya ta auka wa Girka ta wajen Albaniya. Cikin Nuwamba aka aika da Runduna ta 80 gudummawa. Duk hunturun nan suka yi shi suna faɗa bisa duwatsun Albaniya, sai cikin Fabrairu na 1941 suka fara samun Hurricane, jirgi mai fukafukai hawa ɗaya da bindigogi takwas. A nan akwai ɗan abin da ya shafi ƙasar Hausa. Da shigar Italiya yaƙi, Bahar Rum ta zama hanyar hatsari ga jiragen ruwa. Sai aka riƙa kawo jiragen sama cikin akwatuna zuwa Takoradi a Gwalkwas, a harhaɗa su, su tashi ta Ikko da Kano da Maiduguri, su bi ta Fort Lamy da Janaina da Fashir da Hartum har Alƙahira. Ayarin farko ya tashi cikin Satumba, 1940, kuma kafin ƙarshen 1943 jirage fiye da 5,000 sun bi wannan hanya. Da yawa daga cikin jiragen Hurricane da suka isa Masar a watannin nan sai da suka sha fetur a Kano. Ran 12 ga watan Maris, 1941, aka ba Pattle shugabancin Runduna ta 33, da muƙamin da ya yi daidai da na manjo.

To, wace irin takarda ce runduna ke barin wa na baya? Babba cikinsu shi ne littafin ayyuka, wanda ya kasu gida biyu. Fom mai lamba 540 yana ɗauke da labarin abin da ya auku ko wace rana a taƙaice, da zuwan sababbin mutane, da ƙaura daga fili zuwa fili, da waɗanda aka rasa. Fom mai lamba 541 kuwa shi ne na filla-filla: lambar ko wane jirgi, da sunan wanda ya tuƙa shi, da lokacin tashi, da lokacin sauka, da abin da aka je yi. Ka'ida ita ce a ƙarshen ko wane wata a aika da kofe zuwa hedkwata. Ban da wannan akwai rahoton faɗa, wanda matuƙi kan bayar da zarar ya sauka, hafsan tattara labari yana yi masa tambayoyi. Akwai littafin matuƙi na kansa, inda yake rubuta ko wane tashi da ya yi. Akwai kuma fayil ɗin da Ma'aikatar Sojan Sama kan buɗe a London in mutum ya mutu ko ya ɓace. Waɗannan takardu suna ajiye a Gidan Takardun Tarihi na Ingila da ke Kew. Littattafan ayyuka suna ƙarƙashin alamar AIR 27, rahotannin faɗa AIR 50, fayil-fayil na waɗanda aka rasa AIR 81. Ba a buɗe wa jama'a takardun yaƙin ba sai cikin 1972, na waɗanda aka rasa ma sai bayan 2010 aka fara sakinsu.

Da a ce Pattle ya mutu a sararin Ingila cikin 1940, da aikin mai bincike ya zo da sauƙi. Sai ya buɗe fom na 541 ya ga sa'ar da ya tashi, ya buɗe rahotannin abokansa ya ga abin da ko wanne ya faɗa a ran nan tun gumi bai bushe masa ba. Amma ga yadda abin ya kasance a Girka. Ran 6 ga watan Afril Jamus ta shigo ta Bulgeriya da Yugoslabiya. Cikin mako biyu Runduna ta 33 ta ja da baya daga Larissa zuwa Eleusis. A ranar da Pattle ya mutu, a ran nan Janar Tsolakoglou ya sa hannu ya miƙa sojan Girka na yamma ga Jamusawa. Sauran jiragen suka koma Argos, ran 23 ga wata Jamusawa suka riske su a ƙasa suka ƙone mafi yawansu, ƙalilan suka tsallaka zuwa tsibirin Karita. Ran 27 Jamus ta shiga Atina. Ran 20 ga watan Mayu kuma sojan laima suka sauko wa Maleme, inda makanikan Runduna ta 33 suke. Suka ɗauki bindiga suka yi faɗa kamar sojan ƙasa, aka kashe waɗansu, aka kama waɗansu. Mutanen da ke gudun ceton rai sau biyu cikin wata guda ba sa ɗaukar akwatin takardu, kuma ka'idar soja ma ita ce a ƙone su don kada su faɗa hannun abokan gaba. Takardar da ba a riga an aika da kofenta ba, in ta ƙone ta ƙone ke nan.

Duk da haka wanda ya nemi labarin Runduna ta 33 na watan Afril ba zai koma hannu wofi ba, kuma a nan tarkon yake. Bayan an isa Masar an sake rubuta labarin watan, daga abin da waɗanda suka tsira suka iya tunawa, da kuma taƙaitattun rahotannin da hedkwata ta riga ta tattara. Ga shi da kamannin takardar hukuma, yana zaune tare da 'yan'uwansa na gaske. Amma in an bi asalinsa, ruwayar baki ce aka sa wa rigar takarda. Malaman hadisi sun daɗe da sanin wannan bambanci. Ba sa tsayawa ga cewa magana tana cikin littafi, sai sun bi isnadinta, sun duba ko marawaicin ya ji da kunnensa, ko kuwa ya faɗa ne bayan hardarsa ta yi rauni. Ba a ce a yar da irin wannan takarda ba, gama masu rubuta ta sun halarci abin, ba su kuma da niyyar ƙarya. Sai dai a san matsayinta. Tana da ƙarfi wajen faɗin waɗanda suka mutu, domin mutum ba ya mance ranar da abokinsa bai komo ba. Tana da rauni wajen sa'a da lissafi, da wajen raba abin da ya auku ran Talata da abin da ya auku ran Laraba.

Ko da takardun ba su ƙone ba ma, akwai sauran magana. Hausawa kan ce gani ya kori ji, amma faɗan sama ya nuna ganau ma yakan yi kuskure, kuma da rantsuwarsa. Misali mai kyau shi ne faɗan 28 ga watan Fabrairu, 1941, a kudancin Albaniya, wanda Pattle ke ciki, wanda kuma takardun ɓangarorin biyu na ranar suna nan. Ingilishi suka ce sun harbo jiragen Italiya 27 cikin sa'a ɗaya da rabi, aka yi ta murna. Da aka duba littattafan Italiya bayan yaƙi, sai aka ga asararsu ba ta kai 10 ba. Italiyawa kuma suka ce sun harbo Gladiator shida da Spitfire ɗaya, alhali kuwa Gladiator ɗaya tak Ingilishi suka rasa, kuma babu Spitfire ko ɗaya a cikin rundunonin da ke Girka.

Ba maƙaryata ba ne. Jirage biyu masu fuskantar juna kan gitta cikin ƙiftawar ido. Harsashin Hurricane gaba ɗaya na harbin sakan 15 ne ko ɗoriya kaɗan. Matuƙi ya harba, ya ga hayaƙi, ya ga jirgin ya kife ya nufi ƙasa. Ba shi da halin binsa da kallo har ya faɗi, don wanda ya yi haka na bayansa zai kashe shi. Hayaƙin nan kuwa wata sa'a na injin ne da aka matsa masa wuta, kifewar kuma dabarar tserewa ce, matuƙin ya miƙe a ƙarƙashin girgije ya koma gida ya ci abincin dare. In kuma jirgin ya faɗi da gaske, mai yiwuwa ne mutum uku suka harbe shi, ko wanne bai ga sauran ba, ko wanne ya rubuta shi a nasa lissafi. Haka jirgi ɗaya kan zama uku a takarda.

Shi ya sa masu binciken wannan fanni suka koma ga wani mashaidi wanda ba ya fagen fama sam, watau akawun kwatamasta. A wajen Jamusawa, ofishin babban kwatamasta na sojan sama yana fid da jerin asara kullum: rana, da runduna, da irin jirgi, da lambar da aka buga masa a masana'anta, da wuri, da sanadi, da yawan ɓarna bisa ɗari. Jirgin da ɓarnarsa ta kai kashi 60 an fid da rai da shi. Amfanin wannan jeri shi ne ba don yabo aka rubuta shi ba, ba don jarida ba. Don a aiko da madadi ne. Shugaban rundunar da ya ɓoye asararsa, kansa ya cuta, gama ba za a ba shi sabon jirgi ba. Mafi yawan takardun sojan saman Jamus an ƙone su cikin 1945, jerin asarar 1944 ma galibinsa ya ɓace, amma na 1941 ya tsira, yana Freiburg. Na Italiya suna ofishin tarihin sojan sama a birnin Rum. Shi ma wannan mashaidi ba ma'asumi ba ne. Wata asarar sai bayan kwanaki ake shigar da ita, ranar ta goce. Jirgin da ya sha harsashi a Atina ya ja jiki ya faɗi kusa da filinsa, sai a rubuta sunan filin. Wanda ya tafi bai komo ba, babu mai faɗin abin da ya same shi, sai a rubuta ba a san sanadi ba, ko a ɗora wa igwar ƙasa. Duk da haka shi ne ma'auni mafi kusa da gaskiya, kuma da shi Christopher Shores da Brian Cull da Nicola Malizia suka yi aiki a littafinsu na 1987 a kan yaƙin sama na Yugoslabiya da Girka da Karita, suna jera da'awa da asara rana bayan rana.

Yanzu sai a koma ga ranar 20 ga wata. Abin da ruwayoyin abokansa suka haɗu a kai shi ne Pattle ba shi da lafiya. Mura mai zafi ta kama shi kwanaki, ya rame, ga gajiyar tashi sau da yawa ko wace rana. An so a hana shi tashi, ya ƙi. Da aka busa ƙahon hari da la'asar yana kwance cikin bargo yana rawar ɗari, ya miƙe ya nufi jirginsa. Yawancin marubuta sun ba da lambar jirgin AS988. Sun ce Hurricane 15 ne suka tashi, tara na Runduna ta 33, shida na ta 80.

Akwai wani matuƙi a cikinsu wanda daga baya ya shahara da rubuta littattafan yara, shi ne Roald Dahl, a lokacin bai fi mako guda da isowa Girka ba. Cikin littafinsa Going Solo, wanda ya fito a 1986, ya ce su 12 ne, Jamusawa kuwa wajen 200, an harbo biyar nasu, masu kallo daga ƙasa sun ƙidaya jiragen Jamus 22 sun faɗi. Jerin asarar Jamus bai kawo wannan adadi ba. Dahl ganau ne, babu shakka, kuma babu wanda ya fi shi kwatanta ruɗewar faɗan da irin tsoron da ke cikinsa. Amma ya rubuta ne bayan shekara 45, kuma sana'arsa ba da labari ce. Malamin da zai karanta wa ɗalibai wannan babi ya yi daidai, muddin ya gaya musu su ɗauki yanayin su bar lissafin.

Mutuwar kanta mutum guda ne ya fi kowa ganinta, wani matuƙi mai suna Kettlewell na Runduna ta 80. Bisa ga abin da aka ruwaito, William Woods, mutumin Ailan wanda ya yi faɗan Malta cikin 1940, ya hau wa gungun jiragen Messerschmitt 110 daga ƙasa, wanda kuwa wuri ne maras kyau. Ɗaya ya bi bayansa. Pattle ya gani, ya sheƙo don ya cece shi, ya harbi na bayan Woods, amma Woods ya riga ya kama wuta. Kafin haka biyu sun hau bayan Pattle. Shi Messerschmitt 110 jirgi ne mai inji biyu da mutum biyu, a hancinsa akwai ƙananan igwa biyu da bindigogi huɗu, wanda duk ya tsaya a gabansa ya kaɗe. Hurricane kuwa yana da tankin fetur dab da gaban matuƙi. Kettlewell ya ce ya ga wuta ta tashi, ya ga matuƙin ya kife bisa allon agogunan jirgi, jirgin ya faɗa ruwa kusa da Eleusis. Ya harbi ɗaya daga cikin biyun, nan take shi ma aka harbo shi, ya sauko da laima da rauni a ƙashin baya. Wannan ruwa shi ne wanda ke tsakanin gaɓa da tsibirin Salamis, inda Girkawa suka karya jiragen ruwan Farisa shekara 480 kafin haihuwar Annabi Isa.

Ruwayar mutum ɗaya ce, wanda sakan kaɗan bayan haka shi ma yake neman ransa. Amma tana da abin da ke ƙarfafa ta. Ba ta ƙara wa mai ba da ita girma ba. Ta dace da wurin da lokacin. Ta kuma dace da takardun abokan gaba, waɗanda ba su san da ita ba, domin rundunar Jamus mai lamba ZG 26, mai jiragen Messerschmitt 110, ta rubuta da'awar Hurricane biyar a sararin Atina a ran nan. In mashaidai biyu da ba su haɗa baki ba, ba su ma son juna, suka faɗi abu guda, to maganar ta zauna.

Wajen sunan wanda ya harbe shi ne takardu suka tsaya cik. Littattafai da dama kan ambaci mutum biyu, Kyaftin Theodor Rossiwall da Laftana Sophus Baagoe, dukansu na ZG 26, dukansu kuma an lissafa musu Hurricane a ranar. Amma mai karatu ya lura da yadda aka kai ga sunayen nan. Bajamushe ba ya rubuta cewa ya harbo Pattle, Hurricane kawai ya gani. Masu da'awa biyar ne, kuma su biyun nan su ne manya da aka fi sani a cikinsu. Hankali kan so a ce gwarzo sai gwarzo ya kashe shi, kamar yadda mawaƙa kan so, alhali harsashin kurtu da na kyaftin nauyinsu ɗaya. Iyakar abin da za a iya tsayawa a kai shi ne rundunar. Rossiwall ya rayu har bayan yaƙi. Baagoe kuwa bai ƙara wata guda ba, aka harbo shi a Heraklion ta tsibirin Karita ran 14 ga watan Mayu. Shi ma an yi saɓani a kansa, waɗansu sun ce wani matuƙin Gladiator ne ya harbo shi, waɗansu sun ce masu igwar ƙasa ne.

Saura maganar adadi, wadda ita ce aka fi jayayya a kai. Lamba ɗaya ce ke da hatimin hukuma. An ba Pattle lambar girma ta DFC cikin Fabrairu, 1941, aka sake ba shi cikin Maris, kuma sanarwar ta biyu a jaridar gwamnati ta London Gazette ta ce ya hallaka jirage aƙalla 23. Shekaru da yawa wannan lamba aka riƙe, ita ce kuma ta sa sunansa ya koma bayan na Johnnie Johnson, wanda aka lissafa wa 34 shi kaɗai ban da na tarayya. Amma 23 ɗin nan lissafin farkon Maris ne. Ba ta ƙunshi sauran faɗan Italiya ba, balle mako biyun Jamus, lokacin da jiragen abokan gaba suka cika sama, shi kuma yana tashi safe da rana da yamma. Wanda ya ce 23 ce jimlarsa ya yi kamar wanda ya ɗauki ƙidayar haraji ta bara ya ce ita ce yawan mutanen gari bana.

E. C. R. Baker shi ne ya fara tone maganar, cikin littafin rayuwar Pattle da ya fitar a 1965. A lokacin ba a buɗe takardun hukuma ba, saboda haka ya bi waɗanda suka tsira ɗaya bayan ɗaya, ya tara wasiƙu da abin da suka rubuta don kansu, ya kai ga cewa adadin ya haura 40. Cikin abubuwan da masu bincike suka dogara da su akwai ɗan littafin da makanikin jirgin Pattle ya riƙa rubutawa. Wannan mashaidi ne mai ban sha'awa. Bai taɓa barin ƙasa ba, bai ga faɗa ko ɗaya ba, jiyau ne tsantsa. Amma ya ji ne daga bakin mai abin, a ranar, yana tsaye gindin jirgin yana duba ramukan harsashi. Ta fuskar lokaci ya fi littafin hukuma da aka sake rubutawa a Masar kusa da abin da ya auku. Shores da Clive Williams, a bugun 1994 na littafinsu na gwanayen matuƙa, sun kai lissafin kimanin 50.

Abin da ya kamata a rarrabe a nan shi ne da'awa da asara. Cewa Pattle ya yi da'awar jirage tsakanin 40 da 50 magana ce mai tushe, shaidu iri-iri sun nufi wajen. Cewa jirage 50 sun faɗi ta hannunsa kuwa, wannan takardu ba su ɗauke ta ba. Da aka jera da'awarsa da asarar Italiya da Jamus, da yawa sun dace sarai, har a san lambar jirgin da sunan wanda ke ciki. Waɗansu sun dace da jirgin da mutum biyu ko uku ke jayayya a kansa, waɗansu kuwa ba a sami kome a gabansu ba. Ita 23 ɗin hukuma ma da'awa ce aka amince da ita, ba ƙidayar tarkace ba. Wannan bai rage masa kome ba, gama in aka auna sauran gwanaye na ko wace ƙasa da wannan mudu, duk sai an sami ragi. Kuskuren da ake yi shi ne a auna wani da mudun da'awa, a auna wani da mudun asara, sa'an nan a jera su a ce ga na ɗaya ga na biyu.

Bayan yaƙi Sojan Saman Ingila suna da mutum fiye da 40,000 da suka ɓace ba a san makwancinsu ba. Aka kafa ƙungiya ta musamman tun cikin 1944 don nemansu. Suka bi ƙauyukan Turai suna tambayar manoma da limaman coci, suna tone kaburbura, suna gwada lambar inji da haƙoran mamaci. Sun gano dubbai. Amma aikinsu na tudu ne, wanda ya faɗa teku ba ya barin kabarin da za a tona. Asarar takardu ma ba a fagen fama kaɗai ta tsaya ba. Cikin 1960 Ma'aikatar Sojan Sama, bayan ta yi shela iyalai su zo su karɓi littattafan matuƙan da ke hannunta, ta hallaka waɗanda ba a zo nema ba, abin da ya cika kanta mai tsawon ƙafa wajen 6,400, ta ajiye kaɗan don misali. Wannan kuwa cikin zaman lafiya aka yi shi, bisa ka'idar ofis, babu abokin gaba a bakin ƙofa.

Ran 24 ga watan Oktoba, 1954, Montgomery ya buɗe ginin tunawa a El Alamein, a hamadar Masar, mai ɗauke da sunayen mutum kusan 12,000 waɗanda ba su da kabari sananne. Fiye da 3,000 daga cikinsu sojan sama ne, waɗanda suka ɓace tun daga Libiya da Girka har Habasha da Madagaskar. Sunan Pattle yana nan a sassaƙe, na Woods ma yana nan, Bahar Rum gaba ɗayanta tana tsakaninsu da ruwan da suka faɗa.